Ƙanƙarar Malam Yuguda

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, a rani na biyu na shekarun fari, Malam Yuguda ya ɗauki fartanya ya je ya tuge gamba gindi goma sha ɗaya a kan gangaren Nababa. Mazan Unguwar Kanya sun tafi jana'iza ƙauyen gaba, mata suna cikin gida, yara sun bi awaki. Aikin bai kai shi sa'a guda ba. Da ya gama ya tura yashi ya cike ramukan, ya shafe wurin da bayan fartanya, ya ja da baya ya duba, ya ga ya yi kyau.

Malam Yuguda shi ne hedimastan firamaren garin, makaranta mai aji uku da malami biyu, ɗayan ma ba kullum yake zuwa ba. Shi kaɗai ne a garin yake da akwatin littattafai. Ya san sunayen kogunan ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har da tsawon kowanne, amma da za ka tambaye shi ta ina ruwan bayan gidansa yake bi in an yi sama, sai ya ce maka zai bincika. Mutane suna ganin girmansa. Shi yake karanta musu takardar asibiti, shi yake rubuta wasiƙa zuwa ga 'ya'yan da suka tafi Ikko. In ya yi magana a taro, dattawa sukan fara gyaɗa kai tun bai kai aya ba.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Damina biyu a jere gero ya bushe a tsaye. Gidan da aka saba ɗora tukunya sau uku aka koma sau ɗaya, wani gidan ma sai kwaɗon tafasa. Yara suna zuwa makaranta ba ko koko a cikinsu, su kifa kai a benci su yi barci, Malam yana ta bayanin yadda duniya take juyawa. Daga ɗalibi sittin da 'yan kai, rajista ta koma goma sha tara.

Wata rana ya shiga birni, ya sayi ƙosai a tasha, aka naɗe masa a shafin wata mujallar Turawa. Shi mutum ne da ba ya yar da takarda bai karanta ba. Ya warware ta a cikin mota. Mai ya jiƙa gefe guda, amma hoton yana nan: yara masu jajayen kumatu, an tula musu kaya kamar albasa, suna zamewa a kan katako daga saman wani tudu fari fat na dusar ƙanƙara. A ƙasan hoton an jera ƙa'idoji. A riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. A rufe wa yaro kai. A share hanya, kada a bar dutse ko kututture. A tanadi wuri mai laushi a ƙasa inda za su tsaya. Sai sakin layi na ƙarshe, wanda ya ce kada garin gyara wurin wasa a sare itace ko a tuge ciyawar da ke riƙe da gangare, don in ƙanƙara ta narke ruwa zai tafi da ƙasa. Malam Yuguda ya karanta wannan ma, sau biyu, kamar yadda yake karanta komai. Ya leƙa ta tagar mota ya ga gonaki jawur, ya ce a ransa wannan magana ce ta ƙasar da take da ruwa.

Ƙanƙara dai babu ita a Unguwar Kanya, sai wadda takan zo da hadari sau ɗaya a shekaru ta kashe kaji. Amma akwai gangare. A bayan makaranta ƙasa ta karkata ta sauka zuwa fadama, farin yashi mai laushi, tsayin ɗaki biyu in an ɗora wani kan wani. Tun kaka da kakanni yara suna zamiya a wurin, su yage wando, su sha duka a gida. Abin da Malam ya yi shi ne ya mayar da ɓarna darasi. Ya sa aka ja layi da toka. Ya samo tsofaffin buhunan takin zamani aka ninka, kowa ya zauna a kan nasa. Ya tsayar da babban ɗalibi a sama da usur, ba mai sauka sai na gaba ya tashi ya kauce. Kai kuwa, tunda babu hular kwano, ya ce kowa ya zo da ƙoƙo ya kifa, a ɗaure da tsumma a haɓa. Mako guda matan garin suna neman abin shan fura suna zargin juna.

Yara suka sa wa abin suna Ƙanƙarar Malam. Ƙa'ida ɗaya ya ƙara daga kansa: wanda bai zo aji da safe ba, ba ya hawa. Kafin wata ya ƙare rajista ta haura arba'in. Yunwar tana nan inda take, amma yaron da ke jiran layi ya zo kansa yakan manta da ita na ɗan lokaci, kuma an daɗe ba a ji dariya irin wannan a garin ba. Sufeton makarantu ya zo a kan babur, ya ga yara arba'in da ƙoƙo a ka, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya rubuta a littafin baƙi cewa wannan hedimasta mai hangen nesa ne. Wannan kam Malam Yuguda ya karanta fiye da sau biyu.

A saman gangaren gonar Nababa take. Nababa maƙwabcin Malam ne, katanga ɗaya ta raba su, gajeren mutum mai yawan barkwanci, manomi da damina, mai saƙar zana da rani. Gonar ba ta da girma. A wannan yanki ba mai babbar gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta wani. Amma ƙasarta baƙa ce wuluk, don kakansa da ubansa da shi kansa sun shekara da shekaru suna jido taki daga birni a kan jaki suna zuba mata, mangala bayan mangala. A bakin gonar, daidai inda ƙasa ta fara karkata, akwai jerin gamba da kakan ya dasa. Ita ce iyaka, ita ce kuma take riƙe da bakin gangaren. Kowace kaka Nababa yakan yanke ta da lauje ya saƙa zana, ta sake tohowa da ruwan farko. A shekarar nan sau biyu ya yanke ta, kuma ƙasa-ƙasa, don awaki suna kuka, zana kuma ita kaɗai ce abin da yake kaiwa kasuwa. Abin da ya rage kututture ne masu tsini kamar an fere su, kuma ta tsakaninsu yara suke turo buhu su fara sauka.

Mairo, 'yar Nababa mai shekara tara, ita ce gwanar wurin. Maza suna sauka a zaune, ita a kife. Rannan ta taho da gudu ta faɗa kan buhu, kututturen gamba ya yanke ta a ƙwauri, tsawon yatsa. Malam ya ɗauke ta da kansa ya kai ta gida, jini yana ɗiga a rigarsa.

Nababa yana zaure yana saƙa. Ya duba ciwon, ya wanke shi da ruwan gishiri, yarinya tana ihu.

"Yi shiru, sarauniyar ƙanƙara," in ji shi. "Malam, ashe ƙanƙarar taka tana da haƙora."

"Ba ƙanƙara ba ce, gambarka ce. Ƙa'ida ta ce kada a bar kututture a hanya. Ka bari a tuge na wurin, ko gindi goma ne."

Nababa ya ajiye tsumman da ke hannunsa ya dube shi, kamar wanda aka ce ya cire ƙyauren ɗakinsa don iska ta shiga.

"A tuge? Haba Malam. Gamba ai aski ake mata, ba a cire mata kai. Ku matsa wajen kanyar can mana, babu gamba a can."

"Can ba ya gudu."

"To su tafi a hankali. Ina za su? Kano?"

Suka yi dariya tare. Bayan kwana huɗu aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, Malam Yuguda ya ce kansa yana ciwo, ba zai samu zuwa ba.

Saiwoyin bai bar su a wurin ba. Ya zuba su a buhu ya kai gida ya juye a bakin murhu, don itace ya yi wuya. Matarsa Safara'u ta ɗauki ɗaya ta juya. 'Yar manoma ce, ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa nuna ta rasa wani abu ba.

"Wannan saiwar gamba ce."

"Busasshiya ce."

"Ban ce ɗanya ba ce. Ta wa?"

Ya ce ta bayan makaranta ce, kuma don lafiyar yara ya yi, kuma a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi. Ta bar shi ya gama.

"Nababa ya sani?"

"Zan gaya masa."

Ta ɗan jima tana kallon saiwar. Sannan ta tura ta cikin wuta, don tuwo ba ya jiran shari'a.

Sauran ranin wasa ya yi daɗi. Ba wanda ya sake yankewa. Yara sun ga hanya ta yi sumul, ba su tambayi dalili ba.

Sai ruwa ya dawo. Na farko ya sauka a kan lokaci, na biyu ya biyo shi, mutane suka yi shuka suna tsoron yin murna. Gamba ta toho kore shar a bakin gonar Nababa, layi guda, sai giɓi a tsakiya mai faɗin taku shida, kamar bakin yaro mai famfara. Wata safiya Malam ya tarar da shi tsaye a wurin, hannu a ƙugu.

"Ka ga abin da kwaɗayi ya ja mini," in ji Nababa. "Na yi musu aski har na taɓa ƙwaƙwalwa. Sau biyu a shekarar fari, ina za su iya? In na gama noma zan rabo wasu in dasa."

Bai kawo komai a ransa ba. A wurinsa, in ka ce wa mutum a'a ya yi dariya, magana ta ƙare ke nan. Malam Yuguda ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa su kama."

Noman farko ya zo, na biyu ya biyo baya, dashe kullum sai gobe. Cikin marka, wata Talata, aka fara ruwa da hantsi, ba a ɗauke ba sai bayan azahar. Ruwan gonakin sama duka ya taru ya gangaro, ya tarar gamba ta tare shi dama da hagu, ya samu ƙofa mai faɗin taku shida a tsakiya. Malam yana tsaye a barandar makaranta yana gani. Da farko 'yar kwata ce kamar ta bayan gida. Sai bakinta ya fara ɓantarewa yana faɗawa, tana ci da baya-baya zuwa cikin gona. Geron da ya kai kafaɗa, har ya fara fitar da kai, yana sunkuyawa kunya-kunya yana tafiya. Kafin la'asar rami ya fi tsayin mutum, ya shiga gonar har tsakiya, kuma baƙar ƙasar mutum uku, kaka da ɗa da jika, tana kwance a fadama gauraye da yashi, a kan raken Sabo da shinkafar wasu mutum biyu.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa Muhammadu Sani. Sabo, wanda rakensa ya nutse a yashi har wuya, ƙanin mai unguwa ne, kuma tun ba a gama shimfiɗa tabarma ba yake magana.

"Kowa ya gani! Sau biyu ya yanke ta. Mun ce Nababa ka bar ciyawar nan ta huta, ya ce awaki. To ga awaki nan. Yau sai ka saƙa mana zanar da za mu dafa mu ci."

"Ranka ya daɗe," in ji Nababa yana tsugune, "na yanka, ban musa ba. Amma tun ina yaro nake yanka. Lauje bai taɓa kashe gamba ba."

"Bana ya kashe."

Wani tsoho daga baya ya ce ko wasan yaran nan ne ya sassauta wurin. Amma mai unguwa ya kaɗa hannu.

"Ni ma na yi zamiya a wurin nan, rabin fatar mazaunina tana can. Gangare bai tsage ba." Aka yi 'yar dariya. Ya juyo. "Malam, kai ne mai karatu a cikinmu. Me littafi ya ce?"

Duk aka juyo. Nababa ya ɗago kai yana dubansa hankali kwance, irin duban wanda ya ga ɗan'uwansa ya shigo kotu. Malam ya dubi Sabo. Ya hango yadda labarin zai zaga har Minjibir kafin Juma'a: hedimasta mai hangen nesa ya saci jiki ranar jana'iza, ya tuge iyakar maƙwabcinsa bayan an hana shi. Ba wanda zai sake kawo masa takarda ya karanta. Ya gyara murya.

"Abin da masana suka ce shi ne, in gangare ya rasa ciyawar da ke riƙe da shi, ruwa yakan tafi da ƙasa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya sha duba maganar daga baya, kalma-kalma, kamar mai gyaran jarrabawa, bai taɓa samun kuskure ba.

Nababa ya sunkuyar da kai. "To," in ji shi. "Tunda Malam ya faɗa."

Ba a ci shi tara ba. Me za a karɓa? Mai unguwa ya ce ƙaddara ce, Nababa ya ba da haƙuri, ya kuma taya su kwashe yashi. Ya yi kwana tara yana jida da kwando a fadamar wasu, tasa gonar tana can baki buɗe.

Ranar taron, da Malam ya koma gida, Safara'u ta ajiye masa kwano.

"An ce ka ba da fatawa."

"Tambayata aka yi."

"Na ji. An ce har da masana." Ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi gefe. "Ni na dafa tuwo da saiwar nan, na ci, kai ma ka ci. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Malam. Ko daga nan ka ɗaga murya zai ji."

"Ki bari ƙura ta lafa."

"Da damina?"

Tun daga ranar, duk abin da ta dafa sai ta zuba a kwano ta miƙa wa matar Nababa ta kan katanga. Ba ta nemi izininsa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ƙaramin gari ba ya buƙatar tara. Aka daina sayen zanar Nababa. In ya zo majalisa da barkwancinsa sai a yi shiru, ko Sabo ya ce, "A ɓoye ciyawa, ga lauje nan ya iso." Yara suka yi masa waƙa, yaran nan dai masu ƙoƙo a ka, waɗanda yanzu ba su da wurin wasa kuma sun ji wanda aka ce ya jawo. Ranar da Malam ya ji suna rera ta a bayan Mairo, ya tara su ya yi musu dukan da bai taɓa yi wa ɗalibi ba, har bulala ta karye. Iyaye suka ce kai, Malam mutum ne mai adalci, dubi yadda yake tsaya wa maƙwabci.

Bayan kaka Nababa ya ɗaure kaya. Abin da ya girba bai kai dami goma ba. Ya bar wa ƙaninsa ragowar gonar, ya ce zai tafi Bacirawa, gefen birni, inda ake ta gine-gine, in abin ya yi zai dawo da damina. Ya shigo sallama da safe ɗauke da zana sabuwa fil, ya jingine ta a zauren Malam.

"Ta banɗakinka ta yage, Malam. Kullum in zan wuce sai na kau da kai, wuyana ya gaji."

Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Safara'u tana bayan ƙyaure, yana jin motsinta. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Nababa bai dawo da damina ba, haka ta gaba. Ramin ya ci gaba da ci, kowace shekara taku biyu uku. Malam Yuguda ya shiga dashen gamba. Duk damina yakan fita da ɗalibai su rabo gindi daga inda ta yi yawa, su dasa layi-layi a bakin ramin, su cusa ƙaya da duwatsu a ciki. A shekara ta uku ramin ya tsaya. Malamin gona ya kawo baƙi daga birni suka gani, aka ba Malam takardar yabo mai hatimi, aka ce sauran makarantu su yi koyi da shi. Safara'u ta tambaye shi me aka rubuta a ciki, ya ce ba wani abu ba ne. Ta ce ta yi zaton haka.

A shekara ta huɗu ta kwanta. Ciwon ciki ne, aka yi ta kai ta asibiti ana dawowa da ita. Wata azahar yana yi mata fifita ta buɗe ido.

"Ka je Bacirawa?"

"In kin samu sauƙi zan je."

"Kai da zan je." Ta mayar da ido ta rufe. "Ni dai na gaji da riƙe maka. In an tambaye ni a can, faɗa zan yi."

Bayan kwana biyu ta rasu.

Da aka yi sadakar arba'in ya shiga mota a Minjibir. Duk hanya yana tsara maganar. Ya tsara ta da gabatarwa, ya ga ta yi tsawo. Ya cire fari, ya cire mujalla, ya cire lafiyar yara, har ta rage jimla guda.

Ya samu Nababa a wani kango da ba a gama ginawa ba, shi ne mai gadinsa, da rana kuma yana tura kurar ruwa yana sayarwa. Ya rame, gemu ya yi fari, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Da ya ga Malam ya saki kurar, jarka biyu suka faɗi.

"Lale! Lale da Malam! Ke, fito ki ga wanda ya zo!" Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaga ya karkaɗe ya sake shimfiɗawa. Ya kira maƙwabta, wani birkila da wani mai shayi. "Wannan shi ne malamin da nake ba ku labari. Shi ya kawo ƙanƙara ƙauyenmu. Wallahi da ƙoƙo a ka! Kuna cewa ƙarya nake, to ga shi ku tambaye shi. Shi ya koya wa Mairo karatu, yanzu duk layin nan ita take karanta musu takarda."

Aka yi masa ta'aziyyar Safara'u. Matar Nababa ta yi kuka, ta ce ba za ta manta da kwanon kan katanga ba. Aka kawo shinkafa da wake. Malam ya san abincinsu ne na yini, amma aka tsare shi sai ya ci. Da mutane suka watse suka rage su biyu, ya wanke hannu ya ce, "Nababa, akwai maganar da ta kawo ni."

"Bari in riga ka, Malam, don tawa ta daɗe tana cina." Nababa ya matso ya rage murya. "Su Sabo na ba su haƙuri a gaban jama'a. Kai ne ban ba ka ba. Ka sha wahala ka yi wa yaran nan wurin wasa lokacin da ba mu da abin ba su, ni kuma na zo da kwaɗayin zana na rusa. Kuma na ji kai ne kake ta dashe a bakin gonata. Wallahi kunya ce ta hana ni dawowa, ba daɗin birni ba. Ka yafe mini."

Malam ya dubi hannayen mutumin, duk kanta. Jimlar tana nan a bakinsa a shirye. Ya ga in ya faɗe ta yanzu, zai gaya wa mutumin nan cewa shekara huɗun da ya yi yana tura ruwa a banza ya yi su, kuma a kan tabarmarsa, da shinkafarsa a ciki. Ai wannan rashin tausayi ne. Haka ya gaya wa kansa. Ya daɗe da ƙwarewa wajen samo dalili mai kyau.

"Ba komai," in ji shi. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin, amin. To wace magana ce ta kawo ka?"

"Dama gaisuwa ce."

Nababa ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da mota, ya ja wa kwandasta kunne ya ba Malam gidan gaba.

Ya yi wata biyar yana kwana yana tashi a gidan da babu mai tambayarsa komai, ya gane shirun ya fi tambayar ciwo. Wata Asabar a farkon bazara ya sake shiga mota. Wannan karon ya ƙudurta ba zai zauna ba, ba zai sha ko ruwa ba, daga tsaye zai faɗa, a gaban duk wanda yake wurin, sannan ya koma ya maimaita a ƙofar mai unguwa.

Tun daga bakin layi ya hango tabarmi a ƙofar kangon, da maza zaune jere, da butoci. Birkilan nan ya taso ya tare shi, ya kama masa hannu da hannu biyu.

"Malam, har ka ji? Jiya da la'asar yana cikin turi ya zauna, ya ce ƙirjinsa. Ɗazu da safe muka kai shi. Kai, Allah ya saka da alheri. Tun daga ƙauye! Dama yana faɗa, duk garinsu ba shi da kamarka."

Aka matsa masa wuri a tsakiyar tabarma, wurin manya. Aka ce Malam ya yi addu'a, shi ne mai ilimi. Ya ɗaga hannu ya yi, aka shafa. Ya zauna har azahar yana amsa gaisuwa, ana ba shi haƙurin rashin amini.

Daga baya ya faɗa wa mai unguwa gaskiyar, ya faɗa wa Sabo. Sabo ya ce wane rake kuma, abin da ya shekara biyar. Mai unguwa ya ce Malam ya cika tsananta wa kansa, Allah ya ji ƙan Nababa. Ba wanda ya rage masa girma ko da ƙwayar gero. Mutum ɗaya ne maganar za ta yi wa amfani, kuma ba ta kai numfashi guda ba: Nababa, ba laujenka ba ne, fartanyata ce.